Waiwaye: Layin Dogon Bayan Ɗakin Inna

Gagarawa biyu ce, kuma duk ɗan ƙasar Gumel ya san haka: akwai Gagarawa Gari, akwai Gagarawa Tasha. Ko a jerin mazaɓun ƙaramar hukumar haka aka rubuta su, kowace da sunanta. Ta biyun ƙarfe ne ya haife ta. Da Turawa suka miƙa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, tafiyar kilomita kusan 230, aikin da aka kammala a 1930, sai ya ratsa Ringim da Taura, ya biyo ta nan, ya wuce Malam Madori da Birniwa. Birnin Gumel kansa jirgi bai taɓa taka shi ba. Abin da aka noma a Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, in dai ana so ya ga bakin teku, sai jaki ko raƙumi ko gingimari ta gangaro da shi Tasha.

Gyaɗa ce ta jawo layin. Lokacin da jirgi ya iso Kano a 1911, Turawa lissafin auduga suke yi, wadda za su kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manomi kuwa ya yi nasa lissafin, ya ga gyaɗa ta fi saurin kawo kuɗin haraji, in kuma kasuwa ta ƙi ana iya ci, sai ya shuka ta. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Ƙasarmu mai rairayi ce, gyaɗa tana son ta. Daga gabas kuma jirgi yana ɗauko fatu da ƙiraga da ƙaro da busasshen kifi da shanu, su wuce ta gabanmu suna leƙowa ta tsakanin ƙarafan tarago.

Mu da muka yi ƙuruciya a Tasha a shekarun 1970, wutsiyar wannan zamani muka tarar, amma abin da muka tarar ya isa ya cika idon yaro. Manyanmu suna ba mu labarin kan jirgi mai cin kwal na Inugu, mai tsayawa ya sha ruwa. Mu mai dizal muka fi sani. Kuma yaro, abin da ya cika masa ido shi yake ƙerawa.

Babu ɗan Bahaushen karkara da bai yi motar kara ba. Lokacinta bayan kaka ne: an girbe dawa, an ɗaure dammuna, an jingine kara don darni da girki, mu kuma mu zari namu. Kara ɗaya kayan aiki biyu ne. Akwai ɓawon waje mai tauri da kaifi, wanda in ka yi gaggawa ya tsaga maka yatsa, akwai kuma totuwar ciki mai laushi. Ɓawon ake feƙewa siri-siri ya zama ƙusa da sanda, totuwar a yanka ta gunduwa-gunduwa a soke. Inda ake son ƙarfi a sa ƙayar aduwa. Inda ake son manni a ɓamɓaro ƙaro a jikin dakwara a jiƙa shi da ɗan ruwa. Ƙafafu kuwa sakaina ce, a goga ta a kan dutse har ta kewaye. Daga baya tsohon silifas da marfin kwalba suka shigo suka sauƙaƙa aikin. Wanda ya samu langa-langa daga ɗaurin kaya a tasha, ya zama attajiri a cikinmu. Yaran sauran ƙauyuka mota suke yi. Mu 'yan Tasha muna ganin mota ta yi mana kaɗan. Gwangwanin kifi shi ne tarago, gwangwanin madara kan jirgi, kuma ko da yake mai dizal muke kwaikwayo, ba mu yarda jirgi ya tafi ba hayaƙi ba: sai a ɗauko busasshen kashin jaki a ɗora masa garwashi a tura cikin gwangwanin, ya yi ta turnuƙewa har Inna ta fito da tsintsiya.

Haka muke jan abinmu da zare a kan rairayi muna jiniya da baki, har ranar da yayana ya dube shi ya ce wannan ba jirgi ba ne, mota ce mai doguwar jela. Jirgi kan layi yake tafiya. Daga wannan maganar wasan ya zama aiki.

Bayan ɗakin Inna akwai wani fili tsakanin rumbu da darni, nan muka share. Muka tsaga kara biyu-biyu muka jera a tsaye a gefe, muka sa gajeru a ƙarƙashi a gicciye, muka kafe da ƙaya. A ido ya yi kyau. Yaran unguwa kowa ya kawo taragonsa, sai ga shi kowane tarago da nasa faɗin: na wannan ya faɗa tsakiyar layi, na wancan ya hau bisa, wanda ya dace a farko kuma ya je tsakiya ya tarar layin ya buɗe baki. Muna cikin gardamar wa ke da laifi Kawu ya shigo gaida Inna.

Kawu ƙanen Inna ne, lebura a reluwe, cikin ayarin da ke kula da layi. Kowane ayari da yankinsa, su bi shi da guduma da dogon sifana da shebur, wani lokaci a kan 'yar kurar da ake turawa bisa kwangiri. Ba ya cikin waɗanda yara ke sha'awa. Direba muke sha'awa, da mai tuta, da mai hular da ke duba tikiti. Kawu ya tsaya ya dubi aikinmu, bai yi dariya ba.

"Wa ya shimfiɗa wannan?"

"Mu ne, Kawu."

"To, ina ma'auninku?"

Muka dubi juna. Ya ce a miƙo masa kara da reza. Ya yanki ɗan guntu, ya yi masa tsagi biyu, ya miƙa wa yayana. "Daga yau wannan ne sarkinku. Layi ya bi shi, ƙafa ta bi shi. Wanda taragonsa ya ƙi, ya koma gida ya sake." Sannan ya gaya mana cewa su ma suna da irinsa na ƙarfe, kuma tsakanin kwangiri da kwangiri ƙafa uku ne da inci shida, daga Legas har Nguru, ba ƙari ba ragi. A ma'aunin yau milimita 1,067 ke nan. Shi ya sa taragon da aka loda wa gyaɗa a ƙofar gidanmu yake iya zuwa Apapa ba a sauke buhu ɗaya ba.

Wata ranar ya kai mu gindin wani tarago da aka ajiye a layin gefe, ya ce mu durƙusa mu duba ƙafar. Mun shekara muna kallon jirgi, amma ba mu taɓa ganin abin da ya nuna mana ba. Ƙafar tana da leɓe ta ciki, wanda ke hana ta zamewa. Fuskar da ke taka kwangiri ba a miƙe take ba, ta fi kauri ta wajen leɓen, tana sirancewa ta waje. Ƙafafun biyu kuma a haɗe suke da sandarsu, tare suke juyawa. Jirgi ba shi da sitiyari. In an zo kwana, nauyi ya tura shi waje, sai ƙafar waje ta hau ɓangarenta mai kauri, ta ciki ta sauka kan siririn, ta waje ta ci ƙasa fiye da ta ciki a juyi ɗaya, jirgin ya karkata da kansa. Ban fahimci wannan sosai ba sai da na girma, amma leɓen mun gane shi a take. Muka koma muka riƙa manna sakaina biyu, babba ta ciki, ƙarama ta waje, taragonmu ya daina tsalle.

Ya nuna mana 'yar tazarar da ake bari a mahaɗar kwangiri biyu, ya ce ƙarfe yana miƙewa in ya sha rana, in ba a bar masa wuri ba sai ya lanƙwashe a watan bazara; wannan tazarar ce ke ba da ƙarar da muke kwaikwayo da baki. Ya nuna mana cewa abin da ke kwance a ƙarƙashin kwangirin ma ƙarfe ne, ba katako ba, saboda gara. Ya ce kwana kada ta yi tsini, hawa kada ya yi tsayi, don ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, tudun da jaki zai haye yana hamma kan jirgi sai ya tsaya yana ta murza ƙafa a wuri ɗaya.

Har rigimarmu ta cin karo shi ya kashe ta. Layi ɗaya ne, yaro ya taso daga rumbu, wani ya taso daga darni, a haɗu a tsakiya, a yi dambe. Kawu ya ce ai na gaske ma layi ɗaya ne daga nan har Kano, shi ya sa ake yin layin gefe a tasha, ɗaya ya raɓe ɗaya ya wuce, kuma direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an damƙa masa alamar izini a hannu, wadda guda ce tak ga wannan yankin. Muka huda wani marfin kwalba muka sa masa zare. Wanda marfin ke wuyansa shi ke da hanya. Dambe ya ragu, ko da yake an koma yin sa a kan marfin.

Shimfiɗawar duk ba ta wuce 'yan kwanaki ba. Abin da ya biyo baya shi ne zancen. Da dare gara ta shiga ƙarƙashin karan, da safe ka taɓa ka ji ɓawo kawai. Muka koyi barbaɗa toka. Kaji su zo su barbaje, akuya ta zo ta ɗauke rabin tasha a baki ɗaya. Uwa uba iskar hunturu: ka kwanta da layi, ka tashi da rairayi sumul. Dole kullum kafin a tafi makarantar allo wani ya share, ya bi da ma'auni, ya sake kafe ƙayar da ta saki, ya canja karan da ya ruɓe. A nan ne taron ya watse. Ranar buɗe layi yaran unguwa sun fi ƙarfin filin. Ranar shara, daga yayana sai ni sai wata ƙanwarmu da ba a taɓa ba ta tuƙi ba. Kowa yana son ya zama direba, babu mai son ya zama Kawu, alhali ranar da ba a yi aikin Kawu ba babu direban da ke motsawa.

Na daɗe ina ɗaukar abin namu wasan 'ya'yan talakawa ne kawai, sai daga baya na san cewa a wasu ƙasashe sana'a ce mai kamfanoni, kuma manya masu furfura ne suka fi yin ta. A Jamus akwai kamfanin Märklin na garin Göppingen. Kafin shi ma ana sayar da jiragen wasa na gwangwani da ake ja a ƙasa. Abin da ya kawo a baje kolin Leipzig a 1891 shi ne layi: gunduwoyi masu faɗi ɗaya, miƙaƙƙu da masu kwana, da ake harhaɗawa, ta yadda abin da ka saya bana zai hau kan wanda za ka saya baɗi. Wato guntun karan Kawu ne aka mayar da shi kasuwanci. A Amurka Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a 1900 ya shiga yin masu aiki da lantarki. A Ingila Frank Hornby na Libaful ya fito da nasa masu wani irin na agogo a 1920, kuma har yau sunansa yana kan akwatunan jiragen wasa.

Masu wannan sha'awa suna da ma'aunai sanannu. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, faɗin layin milimita 16.5, mutum mai matsakaicin tsawo ba ya wuce santimita 2 a cikinsa. Ingilawa sun fi son OO, sau 76. Mai ƙaramin ɗaki ya ɗauki N, sau 160, a kan layi mai milimita 9. Wuta kan bi ta kwangirin ne, ɗaya ya kai ɗaya ya dawo, ƙafafun kan jirgin su ɗauka su ba ɗan injin da ke ciki. In ka juya wayoyin, jirgin ya koma da baya. A birnin Hambug wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001, inda layin ya haura kilomita 15, da garuruwa da duwatsu da filin jirgin sama, mutane suna biyan kuɗi suna layi don su kalla. Kuma ko a can babban abokin gabarsu ƙura ce. Ɗan datti ya hau kwangiri, wuta ta yanke, jirgi ya tsaya cak a tsakiyar gada. Ana biyan mutane albashi don gogewa da kakkaɓewa.

Akwai wani abu da zai ba ɗan Najeriya mamaki in ya sayo irin wannan daga waje. Layin HO kwaikwayon babban layi ne mai milimita 1,435. Namu na Gagarawa in ka rage shi sau 87, milimita 12 da ɗan ɗoriya zai ba ka. Mutanen Niyu Zilan, waɗanda layinsu faɗinsa ɗaya da namu, sun samo dabara: suna amfani da layin nan mai 16.5, amma su ƙera jiragensu a ragin sau 64, sai lissafi ya kusa dacewa. Saboda haka jirgin da ka buɗe daga kwali, komai kyansa, jirgin wasu ne a kan layin wasu. In kana son namu, da hannunka za ka yi shi.

Wannan zancen faɗi ba na wasa kaɗai ba ne. An taɓa yin ɗan siririn layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda ya isa can a 1914. Duk kayan da ya kawo sai an sauke an sake lodawa a Zariya, don taragonsa ba ya hawa babban layi. A 1957 aka rufe shi. Yau kuma sababbin layukan da ake yi, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, na Legas zuwa Ibadan na 2021, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, duk masu 1,435 ne. Na Maraɗin zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Ba zai biyo ta Gagarawa ba, kuma ko ya so, ƙafarsa ba za ta zauna a kan kwangirinmu ba.

Yadda namu ya kwanta kuwa, a gaban idonmu aka yi. Farin 1973 ya zo, a 1975 cuta ta shiga gyaɗa ta cinye gonaki, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, aka shimfiɗa kwalta, tireloli suka kwashe lodi. Hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa a 1955, ta shiga halin da har sai da aka ɗauko Indiyawan kamfanin RITES suka riƙe ta daga 1979 zuwa 1982. Bayan tafiyarsu aka koma gidan jiya. Tun daga nan jirgin Nguru ya zama na jefi-jefi, a farfaɗo da shi da biki, ya yi 'yan tafiye-tafiye, ya sake kwanciya. Duk waɗannan dalilai gaskiya ne, amma ni abin da na gani da idona ya fi su sauƙi: ayarin su Kawu ya yi ta raguwa, wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, albashi ya riƙa makara, kurar turawa ta yi tsatsa a gefe. Babu ranar da aka ce an rufe layi. Ƙusa ce ta saki ba a ɗaure ba, rairayi ya hau ba a kwashe ba, ruwa ya ci gindin kwalbati ba a cike ba. Mu mutane ne masu son kan jirgi. Gwamnati bayan gwamnati ta sayo sababbin kawuna da taragai, an yi musu fenti, an yanka kyalle, an yi jawabi. Ban taɓa jin an tara makaɗa don an ɗaure ƙusa dubu ba, kuma a kasafin kuɗi ma haka abin yake, sayen sabo yana da masu kare shi, gyaran tsoho maraya ne. Haka muke yi da famfon tuƙa-tuƙa da rufin aji da injin asibiti.

Yaran Tasha na yanzu hannunsu bai mutu ba, kada wani ya ce haka. Na ga wanda ya ƙera tirela da kwali har da madubi, na ga Keke Napep na gwangwani, na ga motar ɗaukar shanu irin wadda ke fitowa daga kasuwar Maigatari ran Alhamis, da bene biyu na awaki. Jirgin ƙasa ne ba sa yi, don ba ya wucewa ta gabansu yadda zai zauna musu a ido. Kuma mota ba ta koyar da abin da jirgi ke koyarwa. Mota kai kaɗai ne da abinka, ka ja ta inda ka ga dama. Jirgi sai ka yarda da ma'aunin da wani zai yarda da shi, sai ka jira hanya, sai ka tashi da safe ka yi shara don wani ya tuƙa.

Makaranta ce ya kamata ta riƙe wannan, ta kuwa sake shi. A zamaninmu akwai darasin aikin hannu, kowa ya kawo abin da ya yi, igiya ko faifai ko tabarma, a ba shi maki. Sannu a hankali aka koma karɓar tsintsiyar da aka sayo a kasuwa, daga baya ma aka ce a kawo kuɗin kawai. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sayo injunan koyon fasaha daga waje don ƙananan sakandare, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu, babu wuta babu malamin da zai kunna. Guntun kara da reza sun fi su aiki.

Wanda ke son ya yi wa 'ya'yansa irin wannan a gida yau, ya fi mu samun kayan aiki nesa ba kusa ba, kuma ba sai ya yi odar komai ba. Ni dai ragin sau 20 nake ba da shawara, don ya dace da hannun yaro da kayan da ke kusa: faɗin layi ya kama santimita 5 da ɗigo 3, mutum kuma santimita 8 da rabi. A samo falankin nan mai ƙafa 4 da ƙafa 8 a wurin kafinta, a yi masa ƙafafu a ɗaga shi daga ƙasa, kowace ƙafa a tsoma ta cikin gwangwani mai ɗan baƙin mai. Gara da tururuwa sun gama. Kwangiri a yi shi da siraran katakon da kafinta ke zubarwa, ko ragowar alminiyam daga masu haɗa tagogi. Kafin a buga ƙusa ko ɗaya a fara yanka ma'aunin, a rataye shi inda kowa zai gani. Faɗin falankin bai wuce santimita 122 ba, don haka kwanar za ta matse. A yi taragai gajeru masu ƙafa huɗu, dogo zai faɗi. In za a yi hawa, kada ya wuce santimita 2 a cikin kowace 100.

Inji kuwa yana wurin mai gyaran rediyo, cikin matattun rediyo masu kaset da na'urorin faifan bidiyo, kusan kyauta. Gudunsa ya yi yawa, sai a rage shi da robar ɗaure kuɗi: ƙaramar da'ira a bakin injin, babba a sandar ƙafa. A ƙasarmu mai ƙura ban ga amfanin bi da wuta ta kwangiri ba. A ɗora batirin a tarago na farko, irin na tsohuwar fitila mai caji, da ɗan makunni a sama. Wutar gida kada ta kusanci wurin ko kaɗan. Da hunturu a rufe da tsohon zane, kuma tun ranar farko a raba kwanakin shara, har da wanda ya fi kowa iya ƙira, har da uban gidan.

Sai abin da za a gina a kai, kuma a nan ne na fi son a yi taurin kai. Layin Kano zuwa Nguru ko a ragin sau 87 ya fi kilomita biyu da rabi, ba ya shiga ɗakin kowa. Dole a zaɓi ɗan yanki. Hotunan intanet za su ja yaro zuwa dusar ƙanƙara da dogayen duwatsu da ramin da jirgi ke shiga. A bar wa masu su. A zaɓi Tasha: layi ɗaya da na gefensa, ofishin tasha, sito, sikeli, rijiya, rumbu na yumɓu, aduwa da kuka daga busassun rassa, rairayin ƙofar gida a kwaɓa da sitaci a shafa, 'yan buhunan yumɓu a jera su dala. Wanda ke ƙyamar mutum-mutumi ya bar dandalin ba kowa, ai yanzu ma haka yake.

Kafin a fara, a ɗauki yaron da tef na tela da littafi a tafi tashar da ƙafa. Ya durƙusa ya auna tsakanin kwangiri da kwangiri ta ciki, ya rubuta abin da ya samu da hannunsa, ya raba shi gida 20. Ya ƙirga ƙusoshin da ke mahaɗa, ya sa yatsa cikin tazarar, ya duba gefen kwangirin ko zai ga shekarar da aka zuba ƙarfen. In akwai tsohon ma'aikacin layi a unguwa, a je a gaishe shi da goro a roƙe shi ya raka su. Suna nan, kuma ba a cika tambayarsu komai ba. Kada a ce sai baɗi. A jihohi da dama an sha kama tireloli maƙare da kwangirin da aka kwance da dare za a kai wa masu narka ƙarfe, kuma masu wannan sana'a sun fi hukuma sanin inda kowace ƙusa take.